Sashen da Ɗan Tafireta Ya Kulle

Ubansa mai gyaran tafireta ne, shi ya sa har furfura ta cika masa kai ba wanda ya san shi da wani suna sai Ɗan Tafireta. Waɗanda ba su riski wannan na'ura ba da wuya su gane girman sana'ar. A wancan zamani, ofishin da tafiretarsa ta tsaya kamar mutum ne da aka ɗaure wa harshe: ba wasiƙa, ba takardar sallama, ba sakamakon jarrabawa. Sai a aika a kira tsohon. Ya zo da jakarsa ta fata, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya kwance ƙananan notuna ya jera su bisa ga tsawonsu, ya share bakin haruffa da ɗan burushi, ya ɗiga mai inda ya kamata, ɗigo ɗaya ba biyu ba. Kafin ya ɗauki jakarsa kuma sai ya buga layi guda mai ɗauke da kowane harafi, ya miƙa wa akawu ya ce ya duba da idonsa. A wannan hannu ɗan ya tashi.

Tafireta ta mutu a hankali, kamar yadda sana'o'i kan mutu, ba wanda ya lura da ranar. Ɗan Tafireta ya koma gyaran injin fotokwafi, daga nan ya koma kwamfuta. Shagonsa tsukukke ne, tsakanin wani tela da mai sayar da cajar waya: tebur ɗaya mai tabon dalma, benci na masu jira, fanka wadda kejinta ya ɓalle, da kanta cike da firintocin da masu su suka kawo suka manta. Mutum ne mai ƙarancin magana da tsabtar aiki. Aibinsa ɗaya, wanda matarsa ta gano tun shekarar farko: ba ya son a ga aikinsa kafin ya gama, wanda kuma bai yi kyau ba ba ya son a gan shi har abada.

Matar nas ce a ƙaramin asibitin yara na wani likita mai zaman kansa. Kowa Sista yake ce mata, har shi mijin. Kullum takan dawo gida da ciwon kai, domin kowane yaro sai an ɗora shi a sikeli an lissafa maganinsa bisa ga nauyinsa, da biro a bayan kati, alhali uwaye sittin suna layi, yara suna tsala kuka. Yana da shekara arba'in da bakwai ya fara koyon rubuta manhaja, daga wani littafi marar bango da wani ya bari a shagon. Shekara ɗaya da rabi ya yi yana fama, tsakanin wannan gyara da wancan, har ya fito da 'yar ƙaramar manhaja: a buga nauyin yaro, a zaɓi sunan magani, firinta ta fitar da takarda mai cewa a ba shi mil kaza, sau kaza a rana. Likita ya zauna ya lissafa takarda ɗari biyu da hannunsa, ya gwada da nata, bai sami kuskure ko ɗaya ba. Ciwon kan Sista ya tafi.

Ga wanda bai san harkar ba, manhaja fuska biyu gare ta. Akwai asalin rubutun, wanda mutum ya zauna ya rubuta layi-layi, wanda duk mai ilimin abin zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma dunƙulallen da ake matsewa daga wannan rubutu, wanda na'ura kaɗai ke ganewa. Yana aiki, amma ba a iya leƙa cikinsa. Masu harkar idan suka ce manhaja a buɗe take, suna nufin an ba da asalin rubutun duka, tare da izini a rubuce cewa kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ba wani.

Wannan magana ta kwanta wa Ɗan Tafireta a rai. Ya ɗora manhajarsa a wani shafin intanet inda marubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya rubuta a sama: "Kyauta ce, a buɗe take, kowa ya ɗauka." Sashe bakwai gare ta. Shida ya ɗora su da rubutunsu. Na bakwai, wanda shi ne ke lissafin maganin, dunƙulallen kawai ya ɗora.

Da Sista ta tambayi dalili, ya ce tsoro yake kada wani mai ƙaiƙayin hannu ya taɓa lissafin ya cuci 'ya'yan mutane. Maganar ta yi ma'ana, ta kuwa bar ta. Amma akwai dalilin da bai faɗa ba. Wannan sashe shi ya fara rubutawa, tun yana lalube, kuma ya san rubutun kamar ɗinkin ɗan koyo yake, faci a kan faci. Da masana su ga wannan, gara ya ratsa kasuwa ba riga.

Shekara tara manhajar tana yawo. Nas ta je taron ƙara wa juna sani ta kwafa wa ƙawarta a filash, ƙawar ta kwafa wa wata. Wani lokaci a kira shi daga wurin da bai taɓa jin sunansa ba a yi masa godiya. Yakan rubuta lambar wayar a bayan littafin shago, ya yini yana murmushi shi kaɗai.

Wata Talata da hantsi, yana cikin kwance wata firinta, wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, a natse, amma ba ta tsawaita gaisuwa ba.

"Baba, kai ne mai manhajar lissafin maganin yara?"

"Ni ne, 'yata. Daga ina?"

Ta faɗi wurin, tafiyar yini guda a mota. Ta ce ita ce famasis ɗin asibitinsu, mai kula da ɗakin magani, kuma wata shida ke nan da suka fara aiki da manhajarsa.

"Akwai yarinya a gadonmu, shekararta uku, tana da farfaɗiya. Tun shekaranjiya take barci. Idan aka tashe ta sai ta buɗe ido ta mayar. Na ɗauki takardar da manhajarka ta fitar na lissafa da hannu. Maganin da muke ba ta ninki biyu ne na abin da ya kamata."

Ya ajiye sukudireba a kan tebur a hankali. "Ba a yi kuskure wajen buga nauyin ba?"

"Shi na fara dubawa. Ni da kaina na sake ɗora ta a sikeli."

"Shekara tara ana aiki da ita a nan, ba a taɓa samun..."

"Na yarda, Baba. Ba faɗa na kira mu yi ba. Mun dakatar da maganin, likitanmu yana kanta. Ni ina ɗan karanta rubutun manhaja, a makaranta na koya. Na buɗe taka don in ga inda lissafin ya karkace. Na karanta sashe shida. A na bakwai na tarar da ƙofa a kulle. A sama ka rubuta cewa a buɗe take."

"A buɗe take. Wancan ɗin kawai na rufe saboda tsaro."

"Wancan ɗin kawai nake bukata. Baba, maganin farfaɗiya na ruwa da kuke da shi a can, miligiram nawa ne a cikin mil biyar?"

Ya san ya taɓa sanin amsar.

"Namu ɗari biyu ne," in ji ta. "Ka duba naku. Manhajar ba ta taɓa tambayarmu ba."

Ya bar firintar a buɗe, cikinta a waje, abin da bai taɓa yi ba. Tela ya ɗago daga kekensa ya ce, "Ɗan Tafireta, wannan sauri haka, ko Sista ce ta ce ka zo ka karɓi allura?" Bai ji shi ba. Asibitin ba nisa, tafiyar minti goma ce, amma kafin ya isa rigarsa ta manne a bayansa.

Ya ratsa uwaye a baranda, ya sami Sista a teburinta tana yage takarda daga firinta. Ya ce ta nuna masa kwalbar maganin farfaɗiya. Ta dubi fuskarsa, ta ɗauki makullin sito. A can ciki, tsakanin kwalaye, ya juya kwalbar ya kai ta kusa da taga. Miligiram ɗari a cikin mil biyar.

"Wannan muke samu tun da aka buɗe asibitin," in ji Sista. "Mutum ɗaya ke kawo mana magani. Me ya faru?"

Ya faɗa mata. Tun kafin ya kai ƙarshe ta nemi kwali ta zauna.

Daga sito ya wuce ofishin Likita. Likita mutumin kirki ne, kada a ɗauka ba haka ba. Yara da yawa ya duba bai karɓi ko kwabo daga uwayensu ba. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofar ofis, ya dawo ya zauna.

"Namu yaran ba abin da ya same su?"

"Ba abin da ya same su, Likita. Lissafin daidai yake da kwalbarku."

"To. Ka gyara abin, ka mayar a shafin, ka aika wa wannan mata. Shi ke nan." Ya juya biro a hannunsa. "Ka tuna sunan asibitina yana jikin manhajar, inda ka rubuta cewa a nan aka gwada ta. Idan ka fita kana shela, gobe ba kai za a nema ba, ni za a nema. Waɗannan matan da ke baranda ba za su tsaya jin miligiram ba. Abin da za su ji kawai, na'urar Likita tana kashe yara. Ba ka sayar wa kowa ba. Wanda ya tsinci abu kyauta shi ya kamata ya duba kafin ya sa a bakin yaro."

Babu kalma ɗaya a cikin wannan da Ɗan Tafireta bai so ya yarda da ita ba. Ya ce, "To, Likita," ya fita.

A hanya ya tuna wata matsala. Ba zai iya gyara kome ba sai da asalin rubutun sashe na bakwai, kuma wannan rubutu ba ya cikin kwamfutar shago. Tun da sashen bai taɓa ba shi matsala ba, bai taɓa buɗe shi ba. Yana cikin tsohuwar kwamfutar da ya fara koyo da ita, wadda ya daina kunnawa shekara bakwai da suka wuce. Kwafi ɗaya ne a duniya, don bai yarda kowa ya riƙe na biyu ba.

Ya same ta a gida, a ɗakin baya, inda suke tara tarkace, ƙarƙashin tsohuwar katifa da keken jikansu. Ya jona ta da wuta. Ko fitila ba ta kawo ba. Ya kwance murfin, ya zaro faifan ajiya, ya haɗa shi da ƙaramar kwamfutarsa ta hannu, ya kara kunne. Faifan ya yi ƙas, ya yi ƙas, ya yi shiru. Sau nawa ya ji wannan ƙara a shago ya ɗago ya ce wa mai kaya sai haƙuri? Ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa. Ya kwance ɗan allon da ke bayan faifan, notuna huɗu, ya ga wuraren da ƙarfe ke taɓa ƙarfe sun yi baƙi. Ya nemo robar goge fensir a aljihun tebur ya goge su ɗaya bayan ɗaya, har suka yi haske. Noti ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin katifa, ya yi rarrafe ya nemo shi. Ya mayar, ya haɗa. Ƙas. Sannan wani siririn kuka ya taso, faifan ya fara juyawa. Bai tsaya duba kome ba, ya kwafe sashen zuwa wuri uku.

Da ya buɗe rubutun, bai sha wahalar neman wurin ba. Ga lambar nan, ɗari, kuma a gefenta ga bayanin da ya rubuta wa kansa shekara goma da rabi da suka wuce: "ɗari a cikin mil biyar, kamar yadda yake a kwalbar Sista." Ya gangara ƙasa. Maganin zazzaɓi, kamar yadda yake a kwalbar Sista. Maganin tari, haka. Ya ƙirga da yatsa a kan gilashin. Magungunan ruwa goma sha biyu, kowanne ya shiga sito ɗaya ya karanta kwalba ɗaya ya rubuta kamar dokar duniya ce.

A haka Sista ta dawo ta same shi, wajen ƙarfe uku, da farin kayanta na aiki. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Likita ya ce ka gyara a yi shiru."

"Haka ya ce."

"Kai me ka ce?"

"Na ce to."

"Wane to? Na gaskiya, ko irin wanda kake ce mini idan na ce famfon bayi yana zuba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba ɗaya ba ne, Sista. Goma sha biyu ne."

Ta shigo, ta ture keken jikan, ta zauna a kan katifar. "Idan ka gyara ka mayar a shafin, wa zai gani?"

"Wanda ya shiga shafin."

"Nas ɗin da ƙawarta ta kwafa wa a filash fa?"

"Ba ta san akwai shafin ba."

"Idan ta sami sabuwar, ta yaya za ta bambanta ta da tsohuwar?"

Bai taɓa sa wa manhajar lamba ba, ko kwanan wata. Duk kwafin da ke duniya kamarsu ɗaya.

"Ina ɗaliba," in ji Sista, "na yi wa wani yaro allurar ƙarfe shida tun ƙarfe biyu. Ba wanda ya gan ni. Na je na faɗa wa babbar nas ina kuka, ina tsammanin za ta rufa mini asiri. Sai ta miƙo mini jan biro ta ce in rubuta a littafin miƙa aiki, kuma in tsaya in karanta wa masu karɓar aiki da bakina. Na tsani matar nan shekara guda. Daga baya na gane ba ni ce a gabanta ba. Wadda za ta karɓi aikin ce, don kada ƙarfe shida ta yi ta sake yi masa."

"Ba ki ga rubutun ba ne. Idan na buɗe wannan, yaran da na haifa za su taru su yi mini dariya."

"Ni ban iya karanta shi ba, Maigida. Amma na san kamannin yaron da ya sha magani ninki biyu. Ka ba mutane gida kyauta ka riƙe makullin ɗakin da wuta ta kama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Aikinki fa? Likita ba zai ji daɗi ba."

"Shekara biyu ya rage in ajiye. Idan ya sallame ni, sai in zo in zauna a bencinka in hana ka sakat."

Kafin rana ta faɗi ya aika wa famasis ɗin rubutun, ya kira ta. Ya fara tambayar jikin yarinyar. Ta ce ta buɗe ido ta nemi ruwa, ta sha, ta koma barci. Likitansu bai ce kome ba tukuna. Sannan ya ji tana danna na'ura.

"Baba, wannan rubutu kamar ɗakin da aka yi ƙaura aka fasa."

"Na sani."

"Amma yana karantuwa. Ga shi nan, minti biyu na gan shi. Da a buɗe yake, ranar farko da zan sa mana ita zan gani." Ba da zafi ta faɗa ba, shi ya sa ta fi shigarsa. "Mai son ɓata lissafi ba ya bukatar rubutunka, biro ya ishe shi. Mai gyara kaɗai ka kulle a waje."

Ta ce ita za ta gyara lissafin, yadda manhajar za ta riƙa tambayar ƙarfin kwalba kowane lokaci, ta ƙi fitar da takarda sai an amsa. Amma wannan zai ɗauki kwanaki, don sai an gwada. Abin da ba zai jira ba shi ne gargaɗi, kuma wannan nasa ne. Ta ce ya sa wa tsohuwar lamba ɗaya, sabuwar lamba biyu, ya kuma ɗora takardar izini ta sosai, wadda suke kira lasisi, domin "kowa ya ɗauka" bai ba ta ikon gyarawa ta rarraba ba.

Laraba da safe ya rubuta gargaɗin da hannu, sau uku, kafin ya buga. Ga abin da ya ce:

"Ga duk mai aiki da wannan manhaja. A daina amfani da ita wajen lissafin maganin ruwa daga yau. Ni da na rubuta ta na ɗauka ƙarfin kowane magani iri ɗaya ne a ko'ina. Na sa ƙarfin kwalaben asibiti ɗaya a cikin lissafin, na kuma rufe wurin yadda ba wanda zai gani. Idan kwalbarku ta fi wannan ƙarfi, yaranku suna shan fiye da kima. Idan ba ta kai ba, ba sa samun abin da ya ishe su. Ga sunayen magunguna goma sha biyu da ƙarfin da na sa wa kowanne. Ku gwada da kwalabenku yau. An riga an sami yarinya ɗaya da abin ya shafa. Na ce manhajar a buɗe take alhali ba haka ba ne. Yanzu na buɗe sashe na bakwai. A asibitin da aka gwada ta lissafin daidai yake. Kuskuren nawa ne ni kaɗai. Duk wanda ya kwafa wa wani, ya kai masa wannan takarda."

Bai ɗora ba sai da ya kai wa Likita. Likita ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, ya ninke takardar biyu.

"Jiya ka ce mini to."

"Na ce, Likita. Ban kyauta ba da na ce."

"Shekara ashirin muna tare. Ka san abin da wannan zai jawo mini?"

"Na sani. Amma ban san ko yara nawa ne ba."

Likita ya miƙa masa takardar. "Ka cire sunan asibitina daga manhajarka," in ji shi, ya kira mai bi a layi. Bai sallami Sista ba. Amma daga ranar bai sake aika na'ura shagon ba, kuma gaisuwarsu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Ƙarfe goma da rabi ya ɗora gargaɗin da rubutun. Sannan ya juya littafin shago ta baya. Lambar waya ashirin da uku. Ya fara daga sama, yana sa alama da fensir.

Na farko ya yi godiya ya ce sun daina aiki da ita tuntuni. Ta biyu ta ce kwalbarsu ɗari ce, amma za ta duba sauran. Na uku ya zage shi tas, ya ce mai gyaran rediyo me ya kai shi harkar magani. Ɗan Tafireta ya bari ya gama, ya sake karanta masa sunayen magungunan, ya ce don Allah ya rubuta. Lamba huɗu ba su shiga ba. Ta tara, wata nas, ta ce, "Muna da yara biyu a kan wannan maganin," ta kashe wayar. Ya kira ta sau uku ba ta ɗauka ba. Kusan kowa ya tambaye shi ko sun kwafa wa wani, kusan kowa kuma ya ce e. Kafin azahar lambobin sun zama arba'in da ɗaya, ya shiga shafi na biyu.

A shafin intanet kuwa dariyar da yake tsoro ta zo. Wani da bai san shi ba ya rubuta cewa bai taɓa ganin rubutu mai muni irin wannan ba, kuma a ƙasan maganar ya nuna wani wurin da lissafin ke zubar da rabin mil, ya aiko da gyaran. Ɗan Tafireta ya karanta, ya tura wa famasis ɗin. Ita ce ta kira shi da la'asar ta ce yarinyar ta tashi zaune, tana kuka tana neman uwarta. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Lamba ta talatin da shida ta wani malamin asibiti ce, wanda ya ce nasu lafiya lau, amma bara ya kwafa wa wani ƙaramin ɗakin shan magani can gaba da su, inda waya ba ta kamawa. Nas ɗaya ce a wurin, kuma ba inda shi yake samun magani take samu ba.

"Yaushe za ka gan ta?"

"Sai ta fito ɗaukar kaya. Ƙarshen wata, ko farkon mai zuwa."

Ranar goma ga wata ce. Ɗan Tafireta ya rubuta kwatancen hanyar a ƙasan lambar.

Alhamis da sassafe ya ba tela makullin shago, ya ba Sista littafin da sauran lambobin da ba a samu ba. Mota biyu ya hau, sannan babur, awa bakwai jimla, da kwafi ashirin na gargaɗin a cikin leda. Ɗakin shan maganin ɗaki biyu ne da baranda, da farantin sola ɗaya a kan rufi. Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗauka wani mai duba aiki ne aka aiko, ta shiga goge kujera. Ya ce ta bari, ya faɗa mata ko shi wane ne, ya miƙa mata takardar. Ta karanta tana motsa leɓe. Ta shiga ciki ta fito da kwalba, ta ɗaga tabarau ta kai ta kusa da ido.

"Ɗari biyu," in ji ta.

"Yara nawa ne ke shan shi?"

"Ban riƙe a ka ba, ɗan'uwa. Sai mun duba kati."

Ta jawo akwatin katuna ta ɗora a kan tebur, ta raba biyu ta tura masa rabi. Ya cire agogonsa ya ajiye a gefe. Kati na shida da ya ɗaga na yaro ne mai kilo goma sha ɗaya, an ba shi kwalba mako biyu da suka wuce. Ta karɓa ta duba sunan, ta ce gidansu yana bayan makaranta, ta ɗauki mayafinta.

"Ka ci gaba da dubawa," ta ce daga bakin ƙofa. "Duk wanda ka samu ka ware mini shi gefe."